Yadda ake tafiya a siririn jirgin ruwa a kan kanal ɗin Llangollen

Wanda ya taɓa ratsa gonakin rani na Kadawa ko Kura ya san kanal, wato doguwar magudanar da ɗan Adam ya haƙa domin ya kai ruwa inda yake so. Birtaniya ma tana da irin waɗannan magudanai, sai dai nata an haƙa su ne domin jigilar kaya. Tun daga 1761, lokacin da aka buɗe kanal ɗin Bridgewater don ɗauko kwal daga Worsley zuwa Manchester, aka yi ta haƙa su har suka game ƙasar, dawaki suna tafiya a gefe suna jan jiragen da igiya. Da jirgin ƙasa ya zo ya ƙwace cinikin, yawancinsu suka lalace, har sai bayan yaƙin duniya na biyu da masu sha'awa suka tashi tsaye wajen farfaɗo da su. A yau hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi ragama a 2012, ita ce ke kula da kusan mil 2,000 na waɗannan hanyoyin ruwa a Ingila da Wales, kuma masu yawon hutu ne suka fi bin su.

Jirgin da ake shiga Turawa suna kiransa narrowboat, ma'ana siririn jirgi, kuma sunan ya dace da shi. Faɗinsa ƙafa 6 ne da inci 10, mita biyu da 'yan kai ke nan, amma tsawonsa yana iya kai ƙafa 70. A ciki akwai gadaje da kicin da banɗaki da wurin zama, an jera su ɗaya bayan ɗaya kamar taragon jirgin ƙasa. Ba a buƙatar lasisin tuƙi kafin a ba mutum hayarsa, shi ya sa ɗalibi ko baƙon da ya je ziyara zai iya haɗa kuɗi da abokansa su karɓi jirgi na kwana uku ko mako guda. Na zaɓi kanal ɗin Llangollen, wanda ya haɗa Ingila da garin Llangollen na Wales, a matsayin misali domin yana ratsa karkara zalla, kuma duk abin da sabon matuƙi zai gamu da shi a wani wuri akwai shi a nan.

Lissafin hanya kafin a biya kuɗi

Kuskuren farko da mutane ke yi shi ne auna tafiyar da nisa, alhali da awa ake auna ta. Iyakar gudun da doka ta yarda da shi mil 4 ne a awa, kimanin kilomita 6 da rabi, kuma a aikace da wuya ka wuce mil 3. Matuƙa suna da wani lissafi mai sauƙi: ka haɗa yawan mil da yawan matakalar ruwan da ke hanyar, wato ɗakunan da ake cika ko zubar wa ruwa don jirgi ya hau ko ya sauka, ka raba da uku, abin da ya fito shi ne awannin tafiya. Daga mahaɗar Hurleston, inda ake shiga kanal ɗin kusa da garin Nantwich, zuwa Llangollen kimanin mil 44 ne, da matakala 21. Jimla 65 ke nan, idan aka raba da uku za a samu kusan awa 22 na zuwa kawai. Zuwa da dawowa a mako guda yana nufin awa shida zuwa bakwai kullum a tsaye a bayan jirgi, wanda a ganina ya yi wa sabon shiga yawa.

Gara a fara daga tsakiya. Akwai masu ba da haya a Wrenbury da Whitchurch da Ellesmere da Chirk da Trevor, kuma Wrenbury da Whitchurch da Chirk duk suna da tashar jirgin ƙasa. Mai mako guda zai ji daɗin farawa daga Wrenbury ko Whitchurch. Mai kwana uku ko huɗu ya fara daga Chirk ko Trevor, inda manyan gadojin ruwa suke kusa, wato gadojin da ke ɗauke da kanal ɗin kansa su ƙetare kwari.

A saka wani abu guda a lissafi wanda ya keɓanci wannan kanal. Yawancin magudanan Ingila ruwansu a tsaye yake, amma wannan yana gudu, domin yana ɗauko ruwa daga kogin Dee a Horseshoe Falls yana kai shi madatsar Hurleston don sha. Wannan aikin ne ma ya cece shi bayan da aka soke shi a hukumance a 1944. Saboda haka tafiya zuwa Llangollen gaba da ruwa ce, ta fi dawowa cin lokaci, musamman a ƙarƙashin gadoji da cikin ramuka inda hanya ta matse.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Afrilu zuwa Oktoba. A hunturu ake rufe sassa daban-daban don gyara, kuma ko da bazara ne, a duba sanarwar rufe hanya da hukumar ke fitarwa kafin a biya kuɗi da kuma kafin a tashi. Game da girman jirgi, kada a ruɗu da yawan gadajen da aka rubuta a talla: jirgin da aka ce na mutum shida ne, mutum huɗu ne za su sake a cikinsa. Ana kuma buƙatar aƙalla manya biyu masu ƙarfi a jika, ɗaya a kan tuƙi, ɗaya a ƙasa.

Guzuri

A zuba kaya a jaka mai laushi wadda za a iya naɗewa, domin babu inda za a ajiye akwati. Rigar ruwan sama dole ce, tunda matuƙi a fili yake tsayawa babu rufi, sai takalmi mai kama ƙasa, da safar hannu mai kauri don igiya da ƙarfe, da tocila. Wuraren cin abinci na bakin kanal galibinsu mashaya ne, ƙauyukan kuma ƙanana ne, don haka mai neman naman halal ya saye shi tun daga babban gari irin Birmingham ko Manchester, ya dogara da girkin kansa. Firjin jirgi ƙarami ne. Shinkafa da taliya da kayan gwangwani da yaji su ne za su riƙe tafiyar, a riƙa ƙaro burodi da madara a Whitchurch ko Ellesmere.

A watan Yuni rana tana fitowa kafin ƙarfe 5 na safe, ba ta faɗuwa sai bayan 9 da rabi na dare, saboda haka a riƙe jadawalin salla na yankin. Alƙibla tana kudu maso gabas, amma jikin jirgin ƙarfe ne, yana rikita kamfas ɗin waya. A fito bakin ruwa a duba, kuma a sake dubawa duk inda aka kwana, domin kanal yana lanƙwasa fiye da yadda ido ke lura.

Ranar karɓar jirgi

Ma'aikacin kamfani zai zagaya da ku ya nuna komai, yawanci kuma yakan raka ku ɗan nisa. Kada kunya ta hana ka tambaya. Ka sa ya nuna maka da hannunsa inda ake kashe gas, inda abin kashe gobara yake, yadda ake duba man inji da ruwansa, yadda ake buɗe marfin da ke saman farfela, da yadda famfon kwashe ruwan ƙasan jirgi ke aiki. Ka tabbata ƙararrawar hayaƙi da ta iskar kabon monoksaid suna aiki. Sannan ka ƙirga kayan aiki: handul biyu ko uku, turaku na ƙarfe, guduma, ƙugiyoyin ɗauri, doguwar sanda, katakon takawa, zoben ceto, da ɗan makullin hukumar wanda ke buɗe famfunan ruwa da wasu gadoji. Yara da duk wanda bai iya ruwa ba a karɓar musu rigar ceto tun a nan, kuma a rubuta lambar wayar kamfanin a inda kowa zai gani.

Tuƙi

Matuƙi yana tsayawa a can bayan jirgi, hannunsa a kan wata lanƙwasasshiyar sandar ƙarfe wadda ita ce akala. Dokarta a juye take: idan ka tura ta hagu, goshin jirgi ya nufi dama, idan ka tura ta dama, ya nufi hagu. Awa ɗaya ta farko kowa sai ya rikice. Dabarar da ta taimake ni ita ce in riƙa nuna kan sandar ga abin da nake gudun in buga. Ka tsaya a gaban akalar ko a bakin ƙofa, ba a gefenta ba, domin idan faifan tuƙi ya bugi wani abu a ƙarƙashin ruwa, sandar tana iya fizgewa ta jefa mutum ruwa, kuma farfela a nan take.

Abu na biyu, jirgin yana juyawa ne a kan tsakiyarsa. Lokacin da goshi ya tafi dama, baya yana tafiya hagu, saboda haka wanda ya manne wa gaɓa ba zai iya juyawa ya fita ba sai ya goga bayansa. A ture goshi da hannu zuwa tsakiyar ruwa tukuna, sannan a sa giya.

Abu na uku, babu birki. Jirgi mai nauyin tan 15 ko fiye ba ya tsayawa sai an sa ribas, kuma ko an sa, sai ya ci gaba da tafiya kusan tsawon jikinsa kafin ya tsaya. A ribas akala ba ta ji sosai, haka nan idan giya tana firi. Ma'anar wannan ita ce komai ana fara shi da wuri: rage gudu tun gada tana nesa, fara kwana tun kafin ka ga ya zama dole. Kada kowa ya taɓa sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da bango don ya tare karo. Jirgin ƙarfe ne, an ƙera shi ya sha bugu.

A kan kanal ana bin hannun dama, saɓanin titunan Birtaniya. Idan babu kowa a bi tsakiya inda ruwa ya fi zurfi, idan wani jirgi ya taho kowa ya ɗan matsa damarsa. Idan igiyar ruwan da jirginka ke tayarwa tana fashewa a gaɓa, gudunka ya yi yawa. Idan kuma za ka wuce jiragen da ke ɗaure, ka sauke inji zuwa mafi ƙanƙantar gudunsa tun kafin ka iso su, domin wucewa da sauri tana tumɓuke turakunsu ta kifar da tukunyar da ke kan wuta. Babu abin da ke jawo wa ɗan haya baƙar magana kamar wannan. In jirgi ya hau laka, wanda yakan faru a wannan kanal mai ƙarancin zurfi, kada a ƙara wuta gaba. A sa ribas a hankali, mutane su koma gefen da ruwa ya fi zurfi, a tura da sanda.

Matakalar ruwa

Nan ne ainihin aikin yake, nan ne kuma hatsari ya fi yawa. Abin da Turawa ke kira lok ɗaki ne na bulo ko dutse mai ƙyaure gaba da baya, wanda ake cika shi da ruwa don jirgi ya hau, ko a zubar don ya sauka. A jikin ƙyauren ko a gefensa akwai tagogin ruwa da ake ɗagawa da handul, irin wanda ake tayar da injin markaɗe da shi. Kowace taga tana da ƙarfe mai haƙora da ɗan harshe da ke riƙe shi kada ya koma ƙasa. A hanyar zuwa Llangollen duk matakalan hawa ake yi, a dawowa duk sauka.

Idan za a hau, a tsaya a wurin jiran da ke ƙasa, a sauke mai handul ya je ya duba. In ɗakin babu ruwa, ya jingina bayansa da dogon katakon ƙyaure ya tura a hankali har ya buɗe. In cike yake, ya fara leƙawa sama: idan akwai jirgin da ke tahowa zai sauka, hakkinsa ne ya fara shiga, kuma zubar da ruwan a gabansa rashin ladabi ne da ɓarnar ruwa. In babu kowa, ya tabbatar ƙyaure da tagogin sama a rufe suke, sannan ya ɗaga na ƙasa har ruwa ya daidaita. Ƙyaure ba ya buɗuwa sai ruwan ciki da na waje sun yi daidai. Ko inci ɗaya ya rage, ƙarti uku ba za su motsa shi ba, don haka jira ake yi, ba kokawa ba.

Shiga ɗakin a wannan kanal yana da nasa wayo. Saboda ruwan yana gudu, rarar da ta kewaye matakalar tana fitowa da ƙarfi daga gefe dab da bakin ƙyauren ƙasa, ta ture goshin jirgi daidai lokacin da ka saita shi. Ka ɗan nufi inda ruwan ke fitowa, ka riƙe ɗan ƙarfin inji, ka gyara a ƙarshe. A matakalan Hurleston, waɗanda suka fi saura matsi, dole ne a ɗage robobin kariya da ke rataye a gefen jirgi, in ba haka ba sai ya maƙale.

Bayan jirgi ya shiga, a rufe ƙyauren ƙasa, a sauke tagoginsa. Mai handul ya dubi matuƙi ya jira alama kafin ya taɓa tagogin sama, sannan ya ɗaga rabi kawai da fari, domin ruwan da ke shigowa yana tura jirgi baya, daga nan ya fizgo shi gaba da ƙarfi. Inda akwai tagar ƙasa da ta jikin ƙyaure, a fara da ta ƙasa. Ta jikin ƙyaure tana iya kwarara ruwa cikin goshin jirgi idan an buɗe ta da wuri. Idan ɗaki ya cika, a buɗe ƙyaure, jirgi ya fita, a rufe ƙyaure da tagogi duka, sai fa in ga wani jirgi nan tafe zai shiga.

Kada ka bar handul a jikin ƙarfen taga ka saki hannu. Na taɓa yin haka a rana ta biyu, harshen bai zauna daidai ba, tagar ta faɗi, handul ɗin ya wulwula kamar farfela ya tashi ya faɗa ruwa. Da fuskata tana kusa, da ba a ruwa ya ƙare ba. Wajen sauke taga, ka riƙe handul da ƙarfi, ka ɗan ɗaga don nauyi ya bar harshen, ka ɗage harshen, ka sauke da hannu har ƙasa.

Sauka ta fi hawa laushi, amma a cikinta babban hatsarin yake. A ƙarƙashin ƙyauren sama akwai dokin ƙofa na dutse da ya kutso cikin ɗakin, ba a ganinsa sai ruwa ya ja. An zana farin layi a bakin bango don nuna iyakarsa. Idan bayan jirgi ya hau wannan dokin ƙofa alhali ruwa yana raguwa, baya zai rataye, goshi ya nutse, kuma cikin minti ɗaya ko biyu jirgi ya cika da ruwa. Saboda haka matuƙi ya riƙe jirginsa gaba da farin layin tun daga farko har ƙarshe, mai handul kuma kada ya bar wurin tagogin, idonsa a kan jirgi, ba a kan waya ba. Da zarar an ga wani abu ba daidai ba, doka ɗaya ce: a sauke dukkan tagogi nan take, sannan a tsaya a yi shawara, in ya kama a mayar da ruwa a hankali daga sama. Kuma ba a ɗaure jirgi da igiya a cikin ɗakin da ake zubar wa ruwa.

A Grindley Brook, kusa da Whitchurch, akwai matakala shida, uku daga cikinsu a manne suke, ƙyauren saman wannan shi ne ƙyauren ƙasan na gaba. Ƙa'idarsu ita ce mai hawa yana buƙatar ɗakin ƙasa babu ruwa, na sama biyu a cike. Mai sauka yana buƙatar na sama a cike, na ƙasa biyu a zube. A lokacin bazara yawanci akwai ma'aikaci a wurin, a bi umarninsa, kuma a yi sammako, domin layi yana iya cinye awanni.

Gadoji, ramuka da gadar ruwa

Ƙarƙashin gadar dutse jirgi ɗaya ne kawai ke wucewa, kuma wanda ya fi kusa shi ke da hanya. Idan gadar tana kan kwana, a yi doguwar oda. Akwai kuma gadojin ɗagawa a wajen Wrenbury da Whitchurch da Whixall da Froncysyllte. Yawancinsu da handul ake ɗaga su, amma ta titin Wrenbury da lantarki take aiki, da makullin hukumar, kuma sai an tsayar da motoci. A ɗaga gada har ƙarshe kafin jirgi ya shiga, a mayar da ita yadda aka same ta.

Bayan tafkunan Ellesmere da matakala biyu na New Marton, waɗanda su ne na ƙarshe, sai a iso gadar ruwa ta Chirk, wadda aka gama a 1801, tana ƙetare kwarin kogin Ceiriog. A kanta ne mutum ke barin Ingila ya shiga Wales. Tana ƙarewa sai ga ramin Chirk, mai tsawon kimanin mita 420, jirgi ɗaya yake ɗauka. Kafin shiga a leƙa: in an hango fitila, wani ne ke tahowa, a jira. In babu, a kunna fitilar goshi da fitilun ciki, a kashe murhu, a yi oda, kowa ya shigar da kansa da hannunsa. Ruwa yana ɗiga daga rufin, sanyi kuma yana dukan fuska ko da rana ta take, kuma saboda ana gaba da ruwa sai ka ga kamar jirgin ba ya motsi.

Mil kaɗan gaba ga gadar ruwa ta Pontcysyllte, wadda Thomas Telford da William Jessop suka gina, aka buɗe ta a 1805, UNESCO kuma ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2009. Kwami ne na ƙarfe mai tsawon mita 307 a kan ginshiƙai 18, mita 38 sama da kogin Dee. Gefe ɗaya akwai turbar ƙafa da shinge. Ɗaya gefen babu komai sai bakin ƙarfe da bai wuce tsawon tafin hannu a saman ruwa ba, ta yadda matuƙi in ya dubi ƙasa ba ya ganin komai tsakaninsa da kan bishiyoyi. Jirgi ba zai iya faɗawa ba, kwamin ya riƙe shi, mutum ne ke iya faɗawa. Yara su zauna a ciki, kada kowa ya hau rufi ko ya bi gefen jirgi, kuma wanda jiri ke ɗibarsa ya sauka ya ƙetare da ƙafa ta gefen shinge. A tabbatar babu mai tahowa kafin a hau.

Ana sauka daga gadar sai kwana mai tsanani zuwa hagu a Trevor, ta ƙarƙashin wata gada. Daga nan zuwa Llangollen mil 4 ne da ɗoriya, a gefen tsauni, ruwa ba zurfi, kuma akwai wurare masu tsawo da jirgi biyu ba sa iya giftawa. A tura mutum gaba da ƙafa da waya a hannu ya tabbatar hanya a buɗe take. A Llangollen ana biyan kuɗin kwana a matsayar jirage. Sauran hanyar zuwa Horseshoe Falls jirgin haya ba ya shiga, da ƙafa ake zuwa, ko a jirgin da doki ke ja, wanda har yau yake ɗaukar baƙi daga bakin matsayar garin.

Ɗaure jirgi da kwana

Kamfanonin haya ba sa yarda a yi tafiya bayan duhu, don haka a fara neman masauki tun da sauran rana. Ana ɗaurewa ne a gefen turbar doki, domin ɗaya gefen yawanci gonar wani ce. Doka ta ba da har kwana 14 a wuri guda, sai inda allo ya ce ƙasa da haka. Ba a kwana a wurin jiran matakala, ko bakin famfo, ko majuya, ko dab da gada, ko kan kwana.

A tunkari gaɓa a karkace kuma a hankali, a sa ribas, mutum ya taka ƙasa, ba tsalle ba, da igiyar tsakiya a hannu. Inda akwai zobe a ɗaura a jikinsa; inda gaɓa ke da shingen ƙarfe a maƙala ƙugiya; inda ciyawa ce kawai a kafa turke da guduma, a karkatar da kansa nesa da ruwa. Igiyar goshi ta ɗan yi gaba, ta baya ta ɗan yi baya, kada a ɗaure da igiyar tsakiya ta rufi, domin tana karkatar da jirgi duk lokacin da wani ya wuce. Kada igiya ta ƙetare turba, kuma a rataya farar leda a kan turke saboda masu keke. Tsakanin ƙarfe 8 na dare da 8 na safe ba a kunna inji a wurin kwana.

Hidimar kowace safiya

Kafin a tayar da inji a duba mai da ruwa, a murɗa abin matsa giris na sandar farfela idan kamfanin ya ce a yi. Lantarkin jirgi daga batir yake, inji ne ke caja shi, shi ne kuma ke dafa ruwan wanka, saboda haka wanka ya fi daɗi da yamma bayan an yi tafiya. Tankin ruwa a cika shi kullum ko bayan kwana biyu a famfunan bakin hanya. Cikawar tana iya cin rabin awa. Banɗaki tanki ne da shi, kuma masu amfani da buta su sani zai cika da wuri fiye da lissafin kamfani, don haka a tambayi inda ake zuƙe shi tun ranar farko. Shara a riƙe ta har wurin da aka tanada.

Idan jirgi ya rage gudu, akala tana rawa, inji yana baƙin hayaƙi, to wani abu ya naɗe farfela. A gwada ɗan ribas da farko. In bai saki ba, a ɗaure jirgi, a kashe inji, a zare makulli a sa a aljihun wanda zai sa hannu a ruwan. A buɗe marfin, a zura hannu har kafaɗa cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara, a lalubo ledar ko igiyar a yanke. Mayar da marfin a ɗaure shi tam ya fi komai muhimmanci, domin ta wannan ramin farfela ke watso ruwa cikin jirgi har ya nutse. Bayan haka a wanke hannu da sabulu, a kuma rufe duk wani ciwo da filasta tun kafin a taɓa ruwan kanal, saboda cutar da fitsarin ɓera ke yaɗawa. Wanda ya ji zazzaɓi bayan tafiyar ya gaya wa likita ya yi hulɗa da ruwan. Idan wani ya faɗa ruwa, abu na farko shi ne a mayar da giya firi, kada a yi ribas zuwa gare shi, a jefa masa zobe. A yawancin wurare zai iya miƙewa tsaye ya tako gaɓa, ban da cikin matakala, inda za a fara da sauke tagogi. Lambar gaggawa 999 ce, kuma kowace gada tana da lamba a jikinta da za a faɗa don a gane inda kuke.

Juyawa da mayar da jirgi

Jirgin ya fi faɗin kanal tsawo, don haka ba a juya shi sai a majuya, wato inda aka faɗaɗa gaɓa musamman, kuma taswirar da kamfani ya bayar tana nuna su. A sa goshi cikin faɗaɗɗen wurin, baya ya tsaya a ruwa mai zurfi, a tura akala har ƙarshe, a riƙa ɗan gaba ɗan baya har ya zagayo. Idan iska tana kaɗawa, a ba ta dama ta taya turawa maimakon a yi gaba da ita.

A juya da zarar rabin kwanakin ya cika, ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba. Ruwa zai taimaka a dawowa, amma layin Grindley Brook ko ruwan sama na yini guda na iya cinye ribar. Yawanci ana karɓar jirgi da misalin ƙarfe 9 na safe, saboda haka daren ƙarshe a kwana inda bai wuce tafiyar rabin awa zuwa matsayar kamfanin ba. A kwashe shara, a wanke kwanuka, a ƙirga handul da turaku da guduma da makulli, domin duk wanda ya faɗa ruwa za a cire kuɗinsa, kuma in an bugi wani jirgi ko an fasa wani abu a hanya, a faɗa da baki kafin ma'aikaci ya gano.